Maman Rifkatu a Bakin Teku

Ishaya, wannan babin na labarin rayuwata naka ne, ko da yake ƙannenka ma su karanta. Na ga fuskarka ranar da matan zumunta suka shirya mini sujadar godiya, lokacin da mai sanarwa ta kira ni Maman Ishaya, ni kuwa na ɗaga hannu a gaban jama'a na gyara mata. Ba ka ce komai ba, don halin babanka ka ɗauko, amma matarka ta gaya mini ka koma gida ba ka taɓa abinci ba. Kai ne babba cikin waɗanda na raina, kai ka kai ni asibiti a Jos da ƙafata ta ƙi, kai ka sake mini rufin gida. In ka ji haushi ban ga laifinka ba, amma ya kamata ka ji dalili. Kun san akwai wata Rifkatu da ta riga ku zuwa, ta kuma riga ku komawa. Abin da ba ku sani ba shi ne, saura ƙiris gidan nan ya watse a kan sunanta tun ba a haifi ko ɗayanku ba, kuma abin da ya hana shi watsewa wata tsohuwa ce mai kifin banda a wani tsibiri, da ruwan teku da ya kusa tafiya da mu. Labarin tekun kun sha ji a bakin babanku, sai dai a nasa labarin ruwan bai wuce gwiwa ba, kuma shi ne jarumin. Allah ya ba shi hutawa. Yanzu da ba ya nan balle ya katse ni, ga yadda aka yi.

A lokacin muna zaune a kwatas ɗin reluwe a Kafanchan, wajen shekarun da aka bar fam da sule aka koma naira. Ni ina koyarwa a firamare. Babanku Bitrus shi ne mai tuta da usur a taragon baya, wanda 'yan reluwe ke ce wa gad, mutum mai guga da takalmi mai sheƙi, wanda magana ke yi wa wuya kamar an ce ya ɗauki dutse. Da aka haifi Rifkatu, sunana Saratu ya ɓace a kwatas. Mai nama a kasuwa, matar fasto, yaran maƙwabta, kowa Maman Rifkatu. Shi kansa Bitrus, da can ba ya kirana da komai sai ya yi gyaran murya in juyo, sai ga shi ya samu sunan da ya zauna masa a baki, yana kiransa ko ba abin da zai ce. Yarinyar kuwa ta babanta ce. In jirginsa zai shigo tasha nakan ɗauke ta mu tsaya a bakin shinge in ɗaga ta sama, shi kuma ya kaɗa mata tuta. Kalma ɗaya tak ta iya, Baba, kuma kowane jirgi ya yi kuka Baba ne. Na yi na yi ta ce Mama, sai ta dube ni ta yi dariya ta ce Baba. Ƙyanda ta shigo kwatas a bazarar nan, ta shiga gida bayan gida, ta fita da yara da dama, har da tawa.

Kakarku, uwar Bitrus, ta zo daga Kagoma zaman makoki. Ba muguwar mace ba ce, kada ku ɗauke ta haka. Ta ga na daina ci, na daina barci, ina zaune riƙe da rigar yarinya, sai ta yi abin da ta ga an yi a gabanta. Ta tara maƙwabta a tsakar gida, ta ce:

“Kar kowa ya sake kira sunan yarinyan nan. Ya tafi, ya tafi. In kuna kira, uwan ba zai daina kuka ba, wani kuma ba zai zo ba.”

Suka bi maganarta don tausayi. Washegari na fita ɗiban ruwa, matar da kullum take ce mini Maman Rifkatu ta buɗe baki, ta haɗiye, ta ce, “Sannu, Malama.” Mai nama ya ce Malama. Matar fasto ta ce 'yar'uwa Saratu. Duk wannan na iya ɗauka. Abin da ban iya ɗauka ba shi ne ranar da Bitrus ya dawo daga aiki, ya tsaya a bakin ƙofa yana cire hula, ya ce, “Malama, akwai ruwan wanka?” Na ji kamar a ranar ce aka binne ta. Na haifa, na shayar, na goya, na yi jinya, amma an share kamar allon makaranta, kuma mijina ma ya sa hannu a sharar. Damina ta zo ta wuce, wata ta kama hanya, bai taɓa ambaton ta ba ko da kuskure. Ni kuwa ina da baki, kun sani, amma a kan wannan na kulle shi, na ce in shi zai iya mantawa ba ni zan roƙe shi ya tuna ba. Muka zama kamar fasinjoji biyu da suka haɗa benci. A ƙarshe na yanke shawara in an ba da hutun makaranta zan koma gidan ubana a Madakiya, ba zan dawo ba. Na fara da keken ɗinkina, na ɗora shi a mota zuwa wurin yayana, na ce wa Bitrus gyara ya tafi. Ya dubi wurin da keken yake zama, ya dube ni.

Maƙwabcinmu na jikin bango Oga Sokari ne, direban jirgi, mutumin ƙasar ruwa can bayan Fatakwal. Ya gudu da iyalinsa lokacin tashin hankali, bayan yaƙin basasa ya dawo bakin aikinsa, Hausar Kafanchan a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Bangon kwatas ba ya ɓoye faɗa, ba ya kuma ɓoye shiru. Shi ne ya tuna wa Bitrus cewa ma'aikacin reluwe in ya ɗauki hutu ana ba shi fas, wato takardar hawa jirgi kyauta, shi da matarsa, har inda layin dogo ya ƙare, kuma shi Bitrus tun da ya kama aiki bai taɓa amfani da nasa ba. Ya shigo gidanmu da kansa ya same ni ina tsince shinkafa.

“Madam, ku je ku ga teku. Uwana yana can, ɗaki yana can, kifi sai kun gaji. In kun sauka ku ce gidan Mama Dagogo.”

Na tambaye shi wane ne Dagogo, tunda na san shi ne babba a gidansu. Ya yi dariya ya ce ita za ta faɗa mini, ba ta gajiya da faɗa. Ban yarda da tafiyar don in gyara aure ba. Tun ina yarinya nake nuna wa yara teku a taswira ban taɓa ganinsa ba, sai na ce a raina bari in gan shi sau ɗaya, in mun dawo in wuce Madakiya.

Muka ɗauki acca da citta da zuma a matsayin tsaraba, muka hau. Jirgi ya ratsa Lafiya, ya haye gadar Makurdi, duwatsunmu suka ƙare, daji ya yi duhu, ga gine-gine nan da can da har lokacin yaƙi bai gama fita daga jikinsu ba. A Fatakwal muka shiga kwalekwale mai inji. Babanku, wanda yake tafiya daga tarago zuwa tarago jirgi na gudu bai riƙe komai ba, ya rungume bencin kwalekwale da hannu biyu, ya amayar da duk abin da ya ci tun daga Aba. Wannan ma ba ya cikin nasa labarin. Tsibirin ƙarami ne, sunansa har yau harshena bai iya shi ba. Ta bayansa laka ce da itatuwa masu saiwa a waje kamar suna tsaye a kan yatsu, ta gabansa kuwa farin yashi da bishiyoyin kwakwa, sai ruwa. Na san ruwan Matsirga da ke zubowa daga kan dutse kusa da garinmu, na san kogi in ya kawo, amma kowane ruwa da na sani yana da tsallake. Wannan ba shi da shi. Na tsaya baki sake, na tsoma yatsa na lasa don in tabbatar da abin da nake koya wa yara, na ji gishiri, na yi dariya ni kaɗai. Rabona da dariya har na manta.

Mama Dagogo gajeriya ce, damatsanta kamar na mai daka, duk jikinta ƙamshin hayaƙin banda. Kafin yaƙi ta yi wasu shekaru a Kafanchan tana rainon jikoki, don haka tana da Hausa irin ta kasuwa, mace da namiji duk “ka” ne a wurinta. Da ta ga acca sai ta rungume buhun kamar ɗan'uwa. Ta zaunar da mu, ta sa aka sare mana kwakwa, sannan ta tambaye ni sunana. Na ce Saratu.

“Ba wannan ba. Wannan baban ka ya ba ka. Wanda yaro ya ba ka fa?”

Na sunkuyar da kai. Bitrus ya dubi takalminsa, ya yi gyaran murya, ya ce:

“Mama, ba mu da yaro.”

Da a ce akwai mota zuwa Madakiya a bakin ƙofar nan, da na shige ta ko kwakwar ban ajiye ba. Tsohuwar ta dube shi, ta dube ni, ta ce mu sha ruwa.

Washegari masunta suka ja Bitrus zuwa jan taru, ya naɗe ƙafar wando yana bin su, ni kuma na bi mata zuwa rumfar banda. Ba mu jin yaren juna sai ɗan Turancin kasuwa da nuni da hannu, amma hira ba ta tsaya ba. Suka tambaye ni wai da gaske ne a ƙasarmu akwai dutsen da ya fi tsibirinsu girma. Na ce Dutsen Kagoro zai haɗiye shi bai sani ba, suka ce ƙarya nake. Suka koya mini zuƙo naman wani ɗan ƙaramin dodon koɗi da suke tsinta a laka, na zuƙa har ya shige mini hanci, suka yi ta dariya suna dukan bayana. Ana cikin haka wata mai jego ta miƙo mini jaririnta don ta juya kifi. Ban yi tunani ba na karɓa, na kwantar da shi a kafaɗa, na shiga jijjiga shi. Da na ɗaga kai sai na ga Mama Dagogo tana kallona. Ta matso ta zauna kusa da ni.

“Mijin ka ya ce babu yaro. Amma wannan hannu ya san yaro.”

Ba ta jira amsa ba. Ta ba ni labarin Dagogo. Ɗanta ne na fari, zazzaɓi ya ɗauke shi tun bai fara tafiya ba, tun tana yarinya ƙarama. Bayansa ta haifi Sokari da wasu. Ta faɗi irin gashinsa, ta faɗi yadda yake cizon ta in yana shan nono, tana faɗa tana dariya tana juya kifi, kamar jiya aka yi. Na tambaye ta, duk shekarun nan ba wanda ya ce ta canza suna? Ta ce an ce mana, ita ce ba ta amsa wani.

“Sokari ya yi gemu, ya yi furfura, ni dai Mama Dagogo ne. Kafin shi ni yarinya ne. Shi ya mai da ni uwa. Ya mutu, amma ni ban koma yarinya ba. To, naka fa, yaya sunan shi?”

Na buɗe baki, sunan ya maƙale. Na daɗe ban fitar da shi ba, har na ji tsoron ko ya ƙi fita. Da ya fita kuwa kuka ya biyo shi, irin wanda ban yi ba ko a ranar jana'iza. Ba wadda ta ce in yi shiru. Mai jegon ta karɓi ɗanta, wata ta riƙe mini hannu, suka bar ni na yi iya yina. Sannan tsohuwar ta yi musu magana da yarensu, suka yi ta gwada sunan a baki, har wata ta gane cewa ai na Littafi Mai Tsarki ne, wadda ta ba raƙuma ruwa a bakin rijiya. Daga ranar duk tsibirin nan Mama Rifkatu nake, wasu su ce Ribeka, duk ina amsawa. Nakan bi ta gaban gidaje ba tare da wani dalili ba, don kawai a gaishe ni.

Bitrus ya fara jin sunan ne muna cin abincin yamma, da wata ta leƙo tana kirana. Hannunsa ya tsaya a cikin kwano. Ya tashi, ya wanke hannu, ya fita bakin ruwa. Na ce a raina, kun gani, baƙi sun karɓi 'yata, ubanta kuwa ko sunanta ba ya son ji. Shawarata ta ƙara ƙarfi. Duk da haka kwanakin nan sun yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Mun je sujada ranar Lahadi, suka rera waƙoƙin da na sani da yaren da ban sani ba, na bi su da Hausa, ba wanda ya damu. Na ci kaguwa, na dafa musu paten acca, suka ce ya yi daɗi amma ina kifin. Bitrus ya yi baƙi, tafin hannunsa ya yi kanta, masunta suka sa masa suna Oga Usur. Da kowa yake sakin fuska, in ya zo gabana sai Malama.

Ana jibi za mu koma, da hantsi, ruwa ya ja baya fiye da yadda muka taɓa gani. Yashi ya buɗe har can nesa, inda wani tudu ya fito fari fat, tsuntsaye sun cika shi. Matan sun shiga kwalekwale sun tafi tsintar koɗi, Mama Dagogo ta ce mana tana tafiya kada mu yi nisa, ruwa yana dawowa. Bitrus ya ɗaga kai ya dubi sama, babu ko ɗigon gajimare. A wurinmu kogi ba ya kawowa sai an yi ruwa a kan dutse, kuma ko makaho ya san hadari kafin ya sauko. Ni ma na dubi saman na yarda. Mun lura tekun yakan matso yakan ja, amma a zatonmu ta gaba yake zuwa, a hankali, mutum na ganinsa ya taka ya koma. Ba mu lura cewa yashin da muke takawa ya ɗan yi kwari kafin a kai tudun ba. Muka tafi, shi da takalminsa a rataye a wuya, ni da zanena na zuwa coci.

A kan tudun ba kowa sai mu da tsuntsaye, na ga ba zan samu wurin da ya fi wannan ba. Na ce masa keken ɗinki ba gyara ya je ba, kuma in mun isa Kafanchan ni Madakiya zan wuce. Ya daɗe yana kallon ruwa, sannan ya ce ya sani. Shi ke nan abin da ya ce. Raina ya ɓaci. Na tashi na bar shi a zaune, na tafi can ƙarshen tudun, na juya masa baya, ina kallon teku ba na ganin komai. Ban san iya zaman da na yi ba. Na ji ya kira, “Malama.” Na yi biris. Ya sake kira da ƙarfi, “Saratu.” Na yi kamar da tsuntsaye yake. Sai na ji wata murya da ban taɓa ji daga bakinsa ba, a tsage, kamar ba tasa ba:

“Maman Rifkatu!”

Na juyo tun kafin in san na juyo. Yana gudu zuwa wurina yana nuna baya. Hanyar da muka bi babu ita. Ruwa ya zagayo ta bayanmu ya cika kwarin, yana gudu kamar kogi a watan Agusta, bishiyoyin kwakwa kuma sun koma can nesa. Ba wanda ya iya iyo a cikinmu. Ya kama hannuna muka shiga. Gwiwa, cinya, ƙugu, yashi yana zamewa a ƙarƙashin ƙafa kamar ana janye tabarma. Da ya kawo mini ƙirji muka ga ko rabi ba mu yi ba, muka juya da ƙyar muka koma tudun, shi ma ya rage bai fi tsakar gidanmu ba. Bitrus ya cire rigarsa yana kaɗawa kamar tutar aiki, muka yi ihu har murya ta dushe. Sannan muka tsaya, ruwa yana lasar idon sawunmu, hannuna cikin nasa. A nan ne mutumin da ya shekara bai haɗa mini jimla biyu ba ya buɗe baki.

“Kullum jirgi ya shigo Kafanchan, ina duba shingen nan. Kullum. Uwata ta ce in na kira sunan a gabanki za ki haukace. Sai na tsaya a bakin ƙofa na gwada Malama a raina kafin in shigo.”

Na ce, to ranar da ka ce ba mu da yaro fa? Ya ce ya so ya cije harshensa ya tofar. Ya ce da ya ji matan nan suna kirana, fita ya yi don kada ya yi kuka cikin kwanon mutane. Ya ce ya ga keken ya tafi, ya ɗauka ganinsa ne yake tuna mini da ita, shi ya sa bai hana ni ba. Ashe shekara guda muna makoki ɗaya a ɗaki ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa. Na ce masa ya sake faɗa. Ya faɗa. Ya faɗi nata sunan ma shi kaɗai, Rifkatu, ya maimaita. Ruwa ya kawo mana gwiwa, ina jin tsoro ƙwarai, amma gaskiya ita ce a lokacin ban ji ina son kasancewa kusa da kowa ba sai shi. Muka yi addu'ar Ubangiji da ƙarfi, muna yi muna waiwaye.

Matan koɗi ne suka hango rigar suna dawowa. Mama Dagogo ce a gaba, tana tuƙi tana zagi da yarenta tun daga nesa. Ni aka fara ja ciki. Babanku kuwa, jarumin labarinku, ya ɗora ƙafa kwalekwalen ya karkata, ya faɗa ruwa gaba ɗaya, sai tsohuwar ta cafko shi ta bel ɗin wando ta kwantar da shi a kan kwandunan koɗi kamar babban kifi. Takalminsa ɗaya ya tafi, har yau yana can. Da muka taka ƙasa matan suka gama faɗa suka koma dariya, suka ce duk mutumin tudu sai ya yi wannan, wai sama yake kallo alhali ruwa yana bayansa. Mama Dagogo ta hura wuta, ta dama mana wani abu mai zafi da cittar da muka kawo mata, ta miƙa wa Bitrus kofi ta ce:

“Sha, Papa Rifkatu.”

Ya karɓa da hannu biyu, ya amsa.

Ranar tafiya ta cika mana kwando da kifin banda, ta raka mu har bakin kwalekwale. Ban sake ganinta ba. Duk shekara in Oga Sokari zai je gida nakan ba shi acca ya kai mata, har shekarar da ya dawo da labarin rasuwarta. Kwana kaɗan na yi da matar nan, amma ba ta taɓa fita daga addu'ata ta godiya ba, ita da ɗanta da ya ji shirunmu ta bango bai yi kamar bai ji ba.

Da jirginmu ya shigo Kafanchan, Bitrus ya nuna mini shingen ta taga, muka kalle shi tare. Ban wuce Madakiya ba. Shi da kansa ya je ya ɗauko keken, yayana yana tsokanarsa wai gyaran ya yi kyau. A kwatas ya shiga kirana da sunan da ƙarfi, da gangan, har maƙwabta suka gane suka bi. Amma abin bai zo a banza ba. Kakarku ta zo ta ji, ta ce mun raina ta, mun je mun ɗauko al'adar masu kifi, kuma mu muka sani in wani bai zo ba. Bitrus ya durƙusa a gabanta ya ce ta yi haƙuri, amma yarinyar tasa ce, ba zai sake ɓoye ta ba. Ta ɗaure kayanta ta koma Kagoma, ba ta sake taka gidanmu ba, saƙo ma ba ta amsawa. Babanku yana son uwarsa, na ga yadda abin ya ci shi, bai kuma taɓa ɗora mini ba. Sai da aka haife ka, Ishaya, ta sauko. Ta ɗauke ka ta yi rawa, ta ce to yanzu an samu Maman Ishaya. Bitrus ya ce mata a hankali, Ishaya ƙanin Rifkatu ne. Ta ci gaba da rawarta. Ita dai har ta rasu “matan Bitrus” take ce mini, ban kuma taɓa jin zafinta ba.

To ka ji dalilin da ya sa na ɗaga hannu a coci. Ba don wani ya fi wani ba ne. Sunan nan na taɓa rasa shi, na kusa rasa babanka tare da shi, kuma da ban juyo ba ranar da ya kira shi a kan tudun yashi, da babu kai, babu ƙannenka. Babanka ya ci gaba da kirana da shi har daren da ya daina magana, kuma in na ji shi a bakin mutane, muryarsa nake ji.

Akwai kuma abin da ban taɓa gaya maka ba. Na ce muku yayarka kalma ɗaya ta iya, kuma ba tawa ba ce. Wata safiya ina wanki a bayan kwatas, kana zaune a cikin daro kana dukan ruwa, jirgi ya yi kuka a tasha. Na tsaya ina jiran in ji ka ce Baba. Sai ka miƙo mini hannu biyu, jiƙe sharkaf, ka ce Mama. Rifkatu ce ta ba ni sunan da duniya ke kirana da shi, amma bakin da ya fara kirana Mama naka ne, kuma ba mai sanarwar da za ta iya ba ka wannan ko ta karɓe maka. Ka zo ranar Lahadi bayan sujada, zan yi paten acca. Ka ci abinci.